Matakala Ashirin da Uku

Ni ne Anselmo, mai buɗe ƙofar makaranta
a tudun Valparaiso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don kowa ya leƙi teku.
Shekara sha tara mabuɗai na kaɗawa a ƙuguna.

Garinmu ba baƙon hawa ba ne.
Tun kakanni akwai akwatunan ƙarfe
masu jan tsofaffi da kwandunan kifi zuwa sama.
Amma makarantar nan, mai kuɗin wata da ya fi albashina,
matakala ashirin da uku ce daga ƙofa zuwa aji.

Ran da Rosaura ta zo a kekenta
shugaba ta tarbe su da shayi.
Ta ce, "Mu nan ba ma ware kowa."
Ta ce, "Sai dai ginin tsoho ne, ba a taɓa shi."
Ta ce, "Kun san ba gwamnati ke riƙe da mu ba."
Uwar ta sa hannu, ta biya cif,
har da kuɗin ɗakin gwaje-gwaje da ke hawa na uku.
Sai aka waiwayo aka dube ni.

To, na ɗauka.
Safe in hau da ita, yamma in sauko.
Kilo talatin da ɗaya, ban da jaka.
Tana ƙirga matakala a kunnena,
in na yi haki a ta sha bakwai sai ta yi tsit,
kamar ita ta gina.
Iyaye suna ɗaukar mu hoto.
Ƙarshen shekara aka ba ni takardar yabo,
na rataye ta kusa da tsintsiya.

Da mura ta kwantar da ni kwana huɗu,
kwana huɗu ta yi a ofishin akawu,
tana jin kujerun ajinsu na gurzar katako a saman kanta.
Ba wanda ya gaya mini.
Ita ma ba ta faɗa ba, sai a bakin mai shara na ji.

Wata Litinin cikin Yuli, sanyi na tasowa daga teku,
na sunkuya kamar kullum.
Ta ce, "Kawu Anselmo, yau dai a'a."
Ta ja birki a gindin matakala,
ta buɗe littafin lissafi a cinya.
Ƙararrawa ta kaɗa. Ko kai ba ta ɗaga ba.
Na tsaya, hannu biyu a buɗe,
kamar wanda aka ƙwace wa faranti.

Baltasar ya fara saukowa, sarkin rashin ji,
ya zauna a matakala ta biyu.
Sai tagwayen nan masu gilashi.
Sai malamar lissafi, alli a hannu,
ta dubi sama, ta dubi ƙasa,
ta rubuta uku bisa huɗu a jikin ƙofata.

An yi taro, an sake taro.
Uwar ta zo da lauya, lauya ya zo da doka,
aka yi ta jan "gwargwadon iko" kamar roba
har wata bakwai.
Yanzu akwai gangarar siminti
ta bayan kicin, gefen duro na shara.
Ɗakin gwaje-gwaje yana nan inda yake.
Ta ce wannan rigimar baɗi ce.

Da safe takan wuce ni a guje, taya na fesa ruwa,
ta ɗaga mini yatsu biyu.
Bayana ya daina ciwo.

Ga abin da ban gaya wa matata ba:
ina kewar nauyin nan, kuma ina jin kunyar kewar.
Shekara biyu ina tsammanin ni ne mutumin kirki,
ashe ni ne kuɗin da ba su kashe ba.

Takardar yabon na nan. Na juya ta.
A bayanta nake rubuta awon benen hawa na uku,
tsawo da faɗi,
da fensirin da ta ara mini,
wanda ta ce in dawo mata da shi ran Juma'a.